Kawu da Koren Maɓalli

Mai abu ya karɓi abinsa ranar wata Laraba da hantsi, kuma kafin motar da na shiga daga Tawa ta sauke ni a Keita an riga an kai Kawu makwancinsa. Tabarmi na tarar a ƙofar gida, cike da mutane har bakin hanya. Na tsuguna na yi gaisuwa, aka matsa mini wuri kusa da liman, domin ni ne ɗan ƙanwarsa da ya taso a gidan.

Kowa da irin kukansa. Tsohon abokin aikin Kawu, wanda suka yi shekaru suna jera duwatsu tare a kan tudu, bai zubar da hawaye ba, faɗa ya yi ta yi. Yana zaune ya miƙe ƙafafu, yana buga sandarsa a ƙasa.

"Kwanan baya nic ce mishi mu tahi a duba gwiwar ga a likita, yac ce in bari a gama girbi. To ga girbi nan an gama. Mutumin ga bai taɓa jin maganata ba, ko sau guda."

Wajen azahar sai ga wasu tsofaffin mata su bakwai ko takwas, sun tako da ƙafa daga ƙauyen da ke gindin tudu. Su ne waɗanda suka yi dakon duwatsu a ka, zamanin da ake farfaɗo da fakon yankinmu. Kafin su shige cikin gida wurin Inna, matar Kawu, babbarsu ta tsaya a bakin zaure ta ɗaga murya don maza su ji.

"Ina da ciki wata bakwai, ya ishe ni ina nishi da dutse bisa kai. Bai ce mini komi ba, ya sauke shi ya aza bisa kahwaɗarshi. Ranan nan dut rabona shi yak kwashe, ni ina zaune inuwa. Ɗan da nike ɗauke da shi ga shi can, yau jikoki gare shi. Allah shi ba shi inuwa."

Aka ce amin. Daga nan wani maƙwabci ya nuna ni da haɓa.

"Wanga shi na yaron da yas sa mishi tudun cikin ordinater. Da ƙahwa ta ƙi, shi yak kawo mishi itatuwanshi har ɗaki."

Sai albarka ta yi ta sauko mini ta ko'ina. Liman ya dafa kafaɗata ya ce Allah ya ba ni masu yi mini. Tsohon nan mai faɗa ma ya sassauta, ya ce ni kaɗai ne a cikin ƴaƴan zamani na san abin da tsoho yake so. Na sunkuyar da kai ina amsawa, su suna ganin ladabi ne. Ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige, domin na san abin da ba su sani ba. Wata takwas ke nan Kawu bai ga itatuwan nan ba. Maɓallin da yake dannawa a kwamfutar ya daina aiki, laifin nawa ne, na san nawa ne tun ranar farko, kuma gyaransa bai kai a sha shayi zagaye ɗaya ba.

Ina rubuta wannan don kada a manta da Kawu, kuma don wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. Amma ba zan ɓoye ba, ina rubutawa ne kuma don albarkar nan da aka sa mini ta tsaya mini a wuya.

Kawu bai yi lakkwal ba, wato makarantar boko. Ajami ya iya, da lambobi, da ƴan kalmomin Faransanci da ya tsinta a bakin injiniyoyi. Duk da haka shi aka ba shugabancin masu aiki a tudunmu, saboda idonsa. Kayan aikinsa wani dogon siririn tiyo ne mai ruwa a ciki, da sanduna biyu masu zane. Da su yake gano inda ƙasa ta daidaita, a jera duwatsu a bi layin, don ruwan sama in ya gangaro ya tsaya ya shiga ƙasa maimakon ya kwashe ta. A bayan layin ake haƙa ramuka masu siffar rabin wata a dasa bagaruwa da farar ƙaya. Wurin da tun tasowarsa ko akuya ba ta tsayawa, ya rayu har ya ga makiyaya suna kwana a inuwarsa.

Maganarsa ba ta da yawa, kuma kusan rabinta kalma biyu ce: "A sake." In ka ɗaure jaki da sakaci, a sake. In ka share tsakar gida ka bar lungu, a sake. Lokacin da nake koleji a gidansa na taɓa nuna masa takardar lissafi da na ci maki mai kyau, ya juya ta sama da ƙasa, bai iya karanta ko kalma ɗaya ba, amma ya ga layin da na ja da hannu ya karkace. Ya ce a sake. Tambayarsa ɗaya ce ga kowa: "Ka auna, ko da ido kad duba?" Kuma har ya tsufa ba ya iya wuce dutse a kan hanya. Sai ya duƙa ya ɗauke shi ya ajiye a gefe, kusa da wani, su yi layi. Inna takan ce tafiya kasuwa da shi sai ka yi guzuri.

Labarin faɗansu da abokin nan nasa kowa ya san shi, amma a zaman makoki ya sake ba da shi da bakinsa. Abokin da mutanensa sun yi kwana huɗu suna jera wani dogon layi, Kawu ya zo ya auna ya ga ya sauka da faɗin tafin hannu a ƙarshensa. Ya sa aka rushe duka.

"Gaban mata hwa! Gaban ɗiyana! Nic ce mishi tahin hannu guda mi za shi yi? Yac ce ruwa za shi gane wurin ko da mu ba mu gane ba. Rani guda ban gaishe shi ba. In na hango shi sai in canza hanya."

"To ƙaƙa kunka shirya?" in ji liman, ko da yake ya sani.

"Shi ma ya ɓata nashi! Damana ta zaka, wani layi da shi da kanshi ya auna ya ɓalle, ruwa ya bi ta gonar wani bawan Allah ya kwantar mishi da hatsi. Babu wanda ya san layin wa na. Sai ga shi ranar Juma'a bayan an sallame, ya tashi tsaye gaban jama'a yac ce, ni nib ɓata, ni na auna ba daidai ba. Ya kwashe kwana goma shina gyaran gonar mutumin. Nic ce wanda ya iya yi ma kanshi haka, in ya yi mini ba ƙiyayya ta ba."

Na ji wannan labarin ya fi sau ashirin a rayuwata. Ranar ne karo na farko da na kasa haɗa ido da mai ba da shi.

Gwiwa ce ta fara kayar da Kawu. Da farko yana hawa tudun da sanda, daga baya a amalanke, har girgizar amalanken ma ta gagare shi. Sai ya koma zama a rumfar ƙofar gida yana tare makiyaya da masu itace yana tambayarsu. Layin gabas yana nan? An sare bagaruwar bakin kori, inda ruwa ke gangarowa? Su kuwa su ce komai lafiya, don su wuce. Ya san ba su duba ba, kuma abin yana cinsa.

Ni a Tawa nake, aikina rubuta manhajojin kwamfuta wa ƙananan ofisoshi. Da aka sauya injuna a wurin aikinmu na samu wata tsohuwar kwamfuta, na kawo masa. Ƴarsa, taubashiyata, wadda take koyarwa a Buza, ta riga ta sa musu faifan hasken rana, ta kuma kawo ɗan abin da ake soka wa kwamfuta ta kama intanet. Na zauna na rubuta masa ƴar ƙaramar manhaja mai maɓalli biyu manya, yadda ba zai ɓata ba. Shuɗi na rubuta yawan ruwan da ya auna a gwangwaninsa duk ranar da aka yi ruwan sama. Kore kuwa, in ya danna, sai taswirar da tauraron ɗan'adam ya ɗauko daga sama ta buɗe daidai kan tudunsa, ba sai ya rubuta komai ba.

Ranar da na fara nuna masa, ya sa tabarau. Ya matso da fuska har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Layukan duwatsun suna nan sirara suna bin jikin tudun, itatuwan kuma ɗigo-ɗigo a bayansu. Ya sa yatsa a kan wani layi ya bi shi har ƙarshe.

"Wanga na matan gabas na," in ji shi. "Wanga kuwa shi na munka rushe. Ka gani? Ya miƙe."

Da ya gama kallo sai halinsa ya motsa, ya fara tambaya.

"In na danna, wa ke buɗe hoton? Abin naka?"

"A'a, Kawu. Akwai wata manhaja daban da ake shiga intanet da ita, nabigater ake ce mata. Tawa aike kawai take yi, ta kira waccan ta ba ta wurin da za ta nuna."

"Ta san gidanta?"

"Na rubuta mata kwatancen gidan tsaf, lungu da lungu, har sunanta."

"In ta tashi daga gidan hwa? Ko wata ta zaka madadinta?"

Na yi dariya na ce ba ta tashi.

"Mu dai," in ji shi, "in munka je gari da aiki ba mu zarcewa gidan kowa. Wurin maigari muka zuwa, shi ka cewa ga mai masaukinku. In wancan ya tashi ko ya mutu, maigari ya san wanda ke nan yanzu. Abin naka ba shi da maigari?"

Yana da shi. Wannan ne abin da ya fi ba ni haushi a lokacin, kuma shi ne yake ƙona ni yanzu. Duk kwamfuta tana da babban tsarin da ke tafiyar da ita, kuma tsarin ya san wace manhaja mai injin ya zaɓa ta riƙa buɗe masa intanet. Abin da ake koya wa kowane ɗan koyo shi ne ka miƙa wa tsarin adireshin shafin ka ce ya buɗe da wadda aka zaɓa, ko wace ce. In an sauya ta gobe, ba ruwanka. Na san haka sarai. Amma akwai wata da nake so, na saba da ita, sai na ɗaure manhajata a ƙafarta, na rubuta sunanta da inda take zaune a cikin injin. Tsohon da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar, ya gano ramin cikin tambaya uku.

Maimakon in ce gaskiyarka, sai na ce, "Kawu, wannan ba aikin duwatsu ba ne."

Ya dube ni ta saman tabarau. Na jira ya ce a sake. Bai ce ba.

"To," in ji shi, "kai kas sani."

Shekara biyu da wani abu maɓallin yana aiki, har na manta da zancen. Kowace safiya in ya sha kunu sai ya wanke hannu, ya goge da kyau, ya sa tabarau, ya zauna. Ba ya taɓa injin da hannu mai maiƙo, ba ya kuma barin kowa ya taɓa. Yakan aika a kira maƙwabta su zo su ga gonakinsu daga sama. Na yi masa bayani cewa hoton ba na yau ba ne, an ɗauke shi tun tuni, sai an ga dama ake sabuntawa. Ya ce ya ji, amma gobe ma sai ya duba ko an sare wani abu. Ƙorafinsa ɗaya, me ya sa masu tauraron ba su ɗauka sai da rani, komai ja wur, sai ka ce ba a yi aikin ba. Inna kuwa ko sau ɗaya ba ta leƙa ba. Ta ce ita da ta ɗauki duwatsun nan a ka ba ta bukatar hotonsu, wuyanta yana tuna mata kullum.

Sai injin ya fara nauyi. Taubashiyata ta ɗauke shi ta kai wa wani mai gyara a Buza, ya share tarkacen da ya taru, ya bar manhajata yadda take, ya cire nabigater ɗin da na sa domin ta yi wa tsohon inji nauyi, ya sa wata marar nauyi. Aiki mai kyau ya yi, ba ni da abin cewa a kansa. Ita da kanta ta gaya mini a waya, tana tsokanata kamar yadda muka saba.

"Injiniyan ƙarya, ka kawo ma tsoho jaki gurgu. Na kai an yi mishi magani, an canza abin shiga intanet ɗin ma."

Na rama da cewa malamar da ɗalibanta ke barci ba ta da bakin magana. Muka yi dariya muka ajiye waya. Ko a lokacin wani abu ya ɗan taɓa ni a rai, na kau da shi.

Bayan kwana uku Kawu ya kira ni da kansa, abin da ba ya yi sai da dalili. Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi aiki, sannan ya yi gyaran murya.

"Koren nan naka ya ƙi buɗewa. In na danna sai wani ɗan rubutu shi hito da jan alama. Shuɗin dai shina yi."

Kafin ya rufe baki na san abin da ya faru. Nabigater ɗin ta tashi daga gidan. Manhajata tana can tana ƙwanƙwasa ƙofar kango. Kuma tare da sanin sai tambayarsa ta dawo mini, da dariyar da na yi masa. Ina tsaye a ofis, abokan aiki biyu suna jina. Abin da ya fito daga bakina shi ne abin da duk mai gyaran inji yake faɗa in yana so ya kare kansa.

"Kawu, ko dai ka taɓa wani abu ne?"



"Wataƙila," in ji shi a hankali. "Hannun tsoho."

"Ba komai, zan duba in na samu sarari."

"To, Allah shi yi albarka."

A gidanmu babba ba ya roƙon ƙarami abu sau biyu. Ya faɗa sau ɗaya, ka ji, saura ya rage naka. Na san haka, kuma a kansa na jingina. Duk mako biyu ina kiransa, mu yi zancen ruwa, da gwiwa, da yara, ba ya tayar da maganar maɓalli, ni ma ba na tayarwa. Sai na riƙa gaya wa kaina cewa tunda bai sake magana ba, abin bai dame shi ba. Ba sai na yi tafiya ba ma. Da na gyara a Tawa na tura wa taubashiyata ta waya, da ta sa masa a ƙarshen mako. Na buɗe aikin sau biyu da niyyar yi, sai in tuna cewa zai tambaye ta me ya lalace, ita kuma za ta tambaye ni, sai in rufe in ce gobe.

Ita ta yi ƙoƙarinta. Ta nemo tudun a taswirar wayarta ta miƙa masa, ya juya ta ya juya, idonsa bai iya raba layi da layi a ɗan gilashin nan ba, ya mayar mata. Ta ce bari ta matsa mini, ya hana ta. Ya ce ina da aiki, kada ta dame ni, kuma kada kowa ya sake taɓa injin har in zo.

Na zo kuwa. Da babbar salla na yi yini guda a gidan. Na shiga ɗakinsa na ga kwamfutar a kan teburi an lulluɓe ta da tsohon zanen Inna, an ɗora tabaransa a sama. Ya ga inda idona ya je, sai ya yi sauri ya kama zancen ragon layya, wai bana ƙashi ya fi nama. A nan take zan iya gyarawa, ba na bukatar komai sai yatsuna. Amma zai zauna a gefena, zai sa tabarau, zai ce mi ya ɓaci, kuma Kawu ba mutumin da ake yi wa kwana-kwana ba ne. Na ce masa ban zo da kayan aiki ba, sai wani zuwan. Ya ce babu laifi. Ya raka ni har bakin zaure da sanda biyu, ya sa aka ɗaura mini cinyar rago a bayan babur. Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Na yi ta neman sunan da zan ba wannan abu don ya yi sauƙi. Na ce yawan aiki ne, na ce mantuwa ce. Ba ko ɗaya. Girman kai ne. Mutumin da ya ciyar da ni shekara huɗu, ya saya mini fitilar karatu, ya tsaya mini lokacin da na bar karatun noma na koma na kwamfuta alhali shi noman yake so, na kasa ce masa kalma biyu: ka yi gaskiya.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa addu'a an raba wainar masa da goro, mutane suka fara raguwa. Na zame na shiga ɗakinsa. Gwangwanin auna ruwa yana bakin taga, tiyon nan nasa yana rataye a ƙusa, ya bushe ya tsage. Na ɗauke tabaran, na yaye zanen, na kunna injin. Na buɗe rubutun manhajar, na goge layin da ke ɗauke da sunan waccan nabigater da kwatancen gidanta, na rubuta wani gajere a wurinsa wanda ke miƙa wa tsarin adireshin ya buɗe da duk wadda ke nan. Na danna koren.

Ta buɗe nan take. Kuma an sabunta hoton. Ban san yaushe ba, ko wata biyu da suka wuce, ko shida. Da damina aka ɗauke shi. Tudun kore shar daga sama har gindi, layukan ma da ƙyar ake ganinsu saboda ciyawa.

Ban ji shigowar taubashiyata ba sai da ta yi magana a bayana.

"Har ka gyara?"

Na ce eh.

"Yanzu-yanzu ka shigo hwa." Ta dubi gilashin, ta dube ni. "Mi ya ɓaci?"

 Tun muna yara ba ta taɓa barin dama irin wannan ta wuce ba tare da ta yi mini tsiya ba. Wannan karon sai ta ci gaba da kallona har na sauke ido.

"Inna na kiranka," in ji ta. "Tana da saƙo."

Inna tana zaune a kan tabarma a ƙuryar ɗakinta, ta rufa da farin mayafi, carbi a hannu. Na tsuguna a bakin ƙofa. Ta sallami matan da ke wurinta, ta jira suka fita.

"Kawunka ya bar maka magana," in ji ta. "Kwana biyu kahin shi cika. Ya sa na maimaita mishi don kada in rage komi."

"Ina ji, Inna."

"Yac ce in gaya maka ka yahe mishi. Yac ce ka taso tun daga Tawa ka yi mishi aiki mai kyau, aikin da babu wanda ya taɓa yi ma wani tsoho garin ga, shi kuwa ya ɓata shi da hannunshi. Ya yi ta tunanin abin da yat taɓa, bai gane ba. Wata rana shi ce ko ya danna da ƙarhi, wata rana shi ce ko hannun bai bushe ba. Da ka zaka da salla ya so shi ba ka haƙuri, kunya ta hana shi. Yac ce ya ga ka dubi abin ka kau da kai, ya san ranka ya ɓaci."

Ashe ba jira yake in cika alkawari ba. Duk watannin nan da nake ɓuya a bayan shirunsa, shi kunyata yake ji.

 Na gaya mata duka. Na ce bai taɓa komai ba, hannunsa bai ɓata komai ba, ni na gina abin a karkace, shi ya nuna mini tun ranar farko na yi masa dariya. Na ce da ya kira ni na san laifina ne, na juya shi a kansa. Ina magana ina kuka irin wanda ban yi ba ranar da na iso.

Ta bar ni na gama. Carbin ya tsaya a hannunta.

"Tun yaushe kas sani?"

"Tun ranar da ya kira."

 A tsakar gida ana ta kankare tukwanen sadaka. Na so ta zage ni, ko ta ce in fita mata daga ɗaki, da na samu sauƙi.

"Wanga tsakaninku na, kai da shi da Allah," in ji ta daga ƙarshe. "Ba ni ka yi ma ba, ba ni iya yahe maka. Ni saƙo anka ba ni, kuma na yi mishi alkawali za ni karɓi amsa. Ka yahe mishi?"

"Inna, bai yi mini komai ba."

"Ban tambaye ka wannan ba. Mutum ya roƙe ka gahwara shina bisa gadon mutuwa. Ka yahe mishi ko ba ka yahe ba?"

Na dubi matar nan da ta yi mini tuwo shekara huɗu, na ga ba za ta sassauta ba, kuma na ga tana da gaskiya. Da wannan nauyin ya tafi, kuma amsa ɗaya ya bari a karɓar masa.

"Na yafe masa," na ce.

"Duniya da lahira?"

"Duniya da lahira."

Ta shafa fuska da hannu biyu ta ce alhamdu lillahi, ta sauke. Sannan ta ja mayafinta, ta ɗaga murya ta ce matan da ke waje su shigo.

Na tashi na ba su hanya. Shi ya samu wanda ya aika, an kuma karɓar masa amsa. Ni nawa saƙon yana nan a bakina, kuma babu wanda zan aika.